Na Karɓo Takardunka

Baban Murna,

Gaisuwa mai yawa. Na san wannan wasiƙa ba za ta same ka ba, ba kuma wanda zai karanta maka ita. Ko lokacin da kake da rai ma ba son karatun wasiƙa kake ba, sai ka juya ta gaba da baya ka miƙo mini, ka ce in faɗa maka abin da ke ciki a taƙaice. To yau sai ka yi haƙuri, da tsawo za ta zo.

Muna nan lafiya a unguwar Withington, gidan da ka bar mu. Murna ta shiga sakandare, ta kusa kamo ni a tsawo. Hausarta kullum raguwa take, in na yi mata faɗa sai ta amsa da Turancin Manchester wanda ni ma sai na kasa kunne. Ina nan ina aiki a gidan kula da tsofaffi, an rage ma'aikata an bar mana aikin. Ofishin ba da shawara na bakin titinmu ya rufe, an ce council, wato hukumar gari, ba kuɗi. Yanzu shagon gyaran waya ne.

Maganar ƙararka ce ta sa na ɗauki biro. Shekara tara ka yi kana tuƙa wa sojan ƙasar nan mota, ka fito da kunne ɗaya da bayan da ba ya miƙewa. Ka nemi diyya, suka yarda da na kunne suka ƙi na baya, wai ba aikin soja ya jawo shi ba. Wasiƙarsu ta ce kana da shekara guda ka ɗaukaka ƙara. Ka tuna wanda ya ce mu kai wa Baba Amos? Ni ce.

Ai ba sai na faɗa maka ko wane ne shi a wurina ba. Shi ya tsaya a matsayin ubana ranar aurenmu da aka hana Babana biza. Dattijon coci ne a Handsworth, kowa Lauya yake ce masa don ya taɓa aiki a ofishin wani lauya, shi ke cike wa mutanenmu fom na biza da na neman gida. Muka hau bas zuwa Birmingham da doya da man ja da ɗan na goro a ambulan. Muka miƙa masa takardunka gaba ɗaya, na asibiti da na sallama, ko kwafi ba mu yi ba, don ni na ce yin kwafi kamar ba mu yarda da shi ba ne. Ya ɗora hannu a kan fayil ɗin ya yi addu'a, ya ce mu ɗauka an gama.

Wata uku shiru, wata shida shiru. In ka kira sai ya ce Turawa ba a yi musu gaggawa. Sau uku ka ce za ka je ka karɓo takardunka, sau uku ina hana ka. Na farko ka dawo daga asibiti da wata 'yar takarda ta ƙungiyar tsofaffin sojoji, masu tsaya wa mutum a kotu kyauta. Na karɓa na ce zan duba, na cusa ta cikin durowar kicin ƙarƙashin takardun wuta da gas. Da ka tambaya na ce ban san inda ta shiga ba. Ƙarya na yi maka, na sani sarai. Na ukun har ka sa takalmi, na tsaya a bakin ƙofa ina kuka, ina cewa da wane ido zan kalli mutumin da ya ba da ni aure? Ka daɗe kana kallona, ka zauna ka cire takalmin. Me ya sa ka saurare ni, kai da ba ka jin maganata a kan gishiri da jan nama?

Da zuciyarka ta tsaya, Baba Amos ne ya fara isowa daga Birmingham. Shi ya tara jama'a, shi ya yi ta kai da kawowa har aka binne ka cikin mutunci. Wannan ya ƙara ɗaure mini baki. Kusan shekara na yi ban ta da maganar ba.

Ina neman katin gas ne na ci karo da 'yar takardar nan. Na kira lambar, aka ce in zo ofishinsu, aka haɗa ni da wata Baturiya, ita ma tsohuwar soja ce, tana ɗingishi, ba ta da yawan murmushi amma ta san aikinta. Tambayarta ta farko ita ce wa ke wakiltarka. Na faɗa mata da alfahari, har da cewa lauya ne. Ta ce doka ta ce duk mai karɓar kuɗi ya bi wa mutane irin wannan haƙƙi dole ya yi rajista, kuma sunayen suna nan a intanet, kowa na iya dubawa. Ta juyo mini da kwamfutar muka duba tare. Ba sunansa a cikin lauyoyi, ba sunansa a cikin masu rajista. Duk abin bai kai minti biyu ba. Ta kira kotun, aka ce ba a taɓa shigar da ƙara da sunanka ba.

Ta ce ba mu kaɗai ba ne. Ta ce suna ta matsa wa 'yan majalisa a ƙara wa dokar ƙarfi, yadda duk sojan da za a sallama za a damƙa masa sunayen wakilai na gaskiya a hannunsa tun kafin ya cire kaki. Na ce Allah ya sa a yi, kuma har zuciyata na faɗa. Da ranar sallamarka aka ba ka, da tambarin hukuma a kai, da ba ka biye mini ba. Sai dai a raina ina cewa, ko sunayen suna manne a bangon ɗakina, ni Rifkatu zan iya duba ko na Baba Amos yana ciki?

Ta ce a matsayina na matarka zan iya ci gaba da ƙarar. Wa'adi ya wuce, amma kotu tana iya karɓar wadda ta makara in an rubuta dalili na gaskiya, da sunan wanda ya riƙe takardun. Ita ma wannan damar saura mako uku ta ƙare.

Ranar Asabar na tafi Handsworth ni kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi yadda na saba, muka yi rabin awa muna tambayar gida da yara da sanyi. Mama matarsa ta kawo tuwo na kasa ci. Daga ƙarshe na sunkuyar da kai na ce na zo karɓar takardun Baban Murna. Ya hau sama ya daɗe, ya sauko da fayil ɗinka a cikin leda. Fom ɗin ƙarar yana sama. Ya cike sunanka da lambarka ta soja da adireshinmu da fensir. Wurin da aka ce a bayyana dalilin ƙin yarda da hukuncin, ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge, har takardar ta huje.

Ya ce na sojoji daban ne, bai taɓa yin irinsa ba, kuma kunya ta hana shi faɗa mana. Kowane wata yana cewa zai tambayi wani. Tsoho mai furfura yana share ido a gabana, wallahi na ji tausayinsa. Shi ya kasa cewa bai sani ba, ni na kasa tambaya, kai kana tsakiya da bayanka. Sai ya roƙe ni kada in sa sunansa, in rubuta cewa an aika ƙarar, gidan waya ne ya ɓatar.

Na ɗauki fayil ɗin na yi musu sallama. A bas na yi ta juya maganar har Manchester. Ranar Litinin na rubuta yadda abin ya faru, da sunansa, da nawa, har da 'yar takardar da na ɓoye maka. Kafin in aika na kira shi na karanta masa duka. Ina gamawa ya ajiye waya.

Ka san mutanenmu. Kafin Lahadi labari ya zaga Birmingham ya iso nan. Matan zumunta suka yi ta kirana, wai na tona asirin dattijo a gaban Turawa, wai na manta wanda ya binne mini miji. Bana ba a aiko mini da zanen anko na taron shekara ba. Mama ba ta ɗaga wayata. Abin yana yi mini ciwo, ba zan ce maka ba ya yi ba.

Makon jiya wasiƙar kotu ta zo. Sun karɓi ƙarar, za a zauna wata mai zuwa a nan Manchester, Baturiyar nan za ta tsaya mana. Ba ta yi mini alkawarin nasara ba. Ta ce in shirya, za su tambaye ni yadda kake a ranakun da ciwon ya fi tsanani, don a rahoton likitoci duk inda aka tambaye ka cewa kake da sauƙi.

To ina sanar da kai tun yanzu, zan faɗa musu. Zan ce shekara uku ni ke sa maka safa. Zan ce da rarrafe kake hawa bene, sai ka tabbatar Murna ta tafi makaranta. Zan faɗi maganar kwalbar fitsarin da ke ƙarƙashin gado, wadda ka sa na rantse ba mai ji. Na san da kana nan za ka gwammace a hana ka diyyar da a ji wannan. Ka yafe mini, Baban Murna, amma rufin asiri ne ya kai mu nan, kuma ni na gaji da shi.

Ka huta lafiya. Sai mun zo.

Matarka,
Rifkatu, Maman Murna