Mutumin da ke Tebur na Huɗu

La Paz, 9 ga Satumba, 1994

Mamata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar? Yaya tumaki? Ina gaida Malam Sabino da zai karanta miki wannan, ina roƙonsa kada ya tsallake ko layi ɗaya.

Lafiyata ƙalau, busasshen dankalin ya iso. Ƙungiyar ɗaliban karkara ta haɗa ni da wata Yaya Hilaria, 'yar aji biyar a nan makarantar likitanci. Ita ta koya mini shiga bas, da ɗaga hannu a aji, da kallon malami ido da ido.

Abu ɗaya ta kasa koya mini. Mama, a wannan zangon gawa ake ba mu mu yanka don mu san yadda jiki yake, gawarwakin da ba wanda ya zo nema. Tamu tana tebur na huɗu. Yaya Hilaria ta ce in rufe masa fuska, shi ke nan. Na rufe. Amma ƙafafunsa a buɗe suke, duk kaushi, ga shatin takalmin taya. Kafaɗunsa kuma kantar igiyar dako ce. Namu ne, Mama, daga tudu ya sauko. Ban san lokacin da na gaishe shi da yarenmu na Aymara ba. 'Yan birni suka fashe da dariya, wani ya ce, "Au, kawunki ne? Ki roƙa mana amsar jarrabawa!" Wuƙar ta faɗi daga hannuna.

Malamin ya ba ni zuwa ƙarshen wata. In ban yanka ba na faɗi, kuma ƙungiyar da ke ɗaukar nauyina ba ta riƙe mai maimaita aji. Gida zan koma.

Shekara ashirin kina wanke mamatan garinmu. Me ake faɗa wa wanda ba shi da kowa kafin a taɓa shi? Ki ba direban motar Alhamis amsa.

'Yarki,
Severina

La Paz, 23 ga Satumba

Mama,

Ina gaishe ki, ina fatan kun tashi lafiya, ke da Malam Sabino.

Direba ya isar da saƙonki a tasha, bai rage ba: babu kalmar da ake faɗa, domin ba a yanka mutumin da ba a tambaya ba, in tattara kayana in dawo. Mama, in dawo in ce wa mutanen gari me? Su da suka rako ni bakin hanya suna cewa ga likitarmu ta farko? In ce wa mijin Eulalia me, wanda matarsa ta mutu a bayan mota kan hanyar asibiti?

Kullum ina shiga ɗakin gawarwakin, ina riƙe wa wasu tire. Abinci ba ya shiga. Jiya Yaya Hilaria ta ritsa ni a matakala ta ce, "Ke 'yar tudu, kuka kika zo yi ko karatu?" Na ce ta gaya mini yadda ita ta yi. Sai ta ce ta rufe fuskar, ta yanka, ta ci jarrabawa, ba ta ji komai ba. Bara da mahaifinta ya rasu, ta tsaya a kansa, sai ta kama kanta tana lissafa sunayen jijiyoyin wuyansa. Ta ce, "Har yau ban yi masa kuka ba, ƙanwata. Dabarar da nake da ita ke nan, kuma ba na so in sake ba ki."

Saura kwana bakwai. Ina roƙonki, ki sake tunani. Ko kalma ɗaya ce.

'Yarki,
Severina

La Paz, 2 ga Oktoba

Mama,

Gaisuwa irin ta kullum. Allah ya sa gwiwar ta yi sauƙi.

Motar Alhamis ta zo, direba ya ce ba ki ba shi komai ba.

A ranar da rana, bayan an tashi daga aji, mai gadin ɗakin ya bar mu muka shiga, ni da Yaya Hilaria. Muka wanke masa ƙafa da hannu. Na gaya masa sunana da na garinmu, da abin da ya kawo ni. Na tambaye shi. Na watsa ganyen koka da ake duba da shi a kan mayafina kamar yadda kike yi, don in ga amsarsa. Sau uku na watsa, sau uku suka faɗi a kife. Yaya Hilaria ta ce wataƙila ban iya karantawa ba. Na iya, Mama. Ya ƙi.

Washegari na yanka. Ban rufe masa fuska ba. Malamin ya ce bai ga hannu mai natsuwa kamar nawa ba a bana, ya kira sauran su zo su gani. Na ci.

Ban san abin da na zama ba. Ina wanke hannuna, warin maganin ba ya fita.

Ranar Mamata, ta tunawa da waɗanda suka rasu, ta kusa. Ina so in zo, amma ban sani ba ko za ki bari in sa hannu a kwaɓin burodin da ake ajiye musu. In kin ce kada in zo, ki faɗa wa direba, zan zauna. Sai dai ki ƙara burodi ɗaya a kan tebur. Ba shi da suna. Ki ce na wani ɗan dako ne, wanda 'yarki ta tambaya ya ce a'a.

'Yarki har kullum,
Severina