Takun Keken Ɗinki da Takun Mijinki

Zuwa ga sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan sanyi ga wanda ya kwaso ƙishi, farin watan da ke leƙo mini ta tagar shago, uwar 'ya'yana kuma abokiyar faɗana ta shekara talatin da ɗaya,

Gaisuwa mai yawa, da kewar da ta fi gaisuwar yawa. Yaya Auta da jiki? Yaya wannan ɗan ƙwacen, sabon angon naki, da ya zo duniya sati biyar kacal, bai ce wa kowa uffan ba ya raba ni da matata? Ki faɗa masa kakansa bai yafe ba, sai ranar da na ɗauke shi na shaƙi ƙamshin tsakiyar kansa.

Na san kin yi mamakin ganin takarda a cikin kayan jariri. Mutumin da ke kiran ki safe da yamma, me ya haɗa shi da biro? Muryarki ce ta haɗa ni da shi. Sau uku ina shirya maganar nan a baki, da na ji kin ce "Maigida" sai ta narke mini kamar ƙanƙara a tafin hannu. Jiya kuma kika ce ran Asabar za ki hau mota ki dawo, ki bar Auta alhali aikin da aka yi mata bai gama warkewa ba, wai don lambobin tafiyata sun faɗi. To ki ajiye jakar nan, ki nemi wuri ki zauna, ki karanta har ƙarshe. In kin gama ki yi mini tatas, na cancanta. Amma don Allah kada ki hau motar nan.

Kin tuna ɗakin asibiti, kwana huɗu bayan ciwon zuciya ya kayar da ni a kan teburin yanka, da almakashi a hannuna? Likita ya ce in tashi in taka. Ni da na ɗauka ƙafafuna sun yi ritaya! Kika sa kafaɗarki a ƙarƙashin hammatata, kina ƙirgawa da ƙarfi kamar mai koya wa 'yan aji ɗaya: ɗaya, biyu, uku. Daga gado zuwa taga, taku goma sha ɗaya. A nan numfashina ya ƙare, na dafa gilashi, kika juya fuska wai kina kallon motoci a ƙasa. Na ga hawayen, masoyiya. Ban taɓa faɗa miki ba, amma na gan su, kuma har gobe ban ga abin da ya fi su kyau ba.

Wata uku kina raka ni ajin motsa jiki na masu ciwon zuciya, ina hawa injin nan da ake tafiya a kansa ba a zuwa ko'ina, ke kina zaune a benci da gorar ruwa kina harara ta in na rage gudu. Ranar da suka sallame mu ba su sake mu hakanan ba. Suka ɗaura mini agogo mai ƙirga taku da bugun zuciya, suka ba mu na'urar awon jini, suka haɗa ni da Sista, nas ɗin da ke kira na ta waya duk Talata da ƙarfe goma, tana ganin lambobina a kwamfutarta ko da ban ce komai ba. Ke kuwa kika kafe sai an sa su riƙa zuwa wayarki ke ma. Kika ɓoye gishiri, kika sallami kaskon suya, kika mai da ni akuya da ganyaye. Kowace safiya mu fita tare, mu wuce gidan burodi ina toshe hanci, mu bi katangar makaranta, mu zagaya babbar bishiyar nan ta bakin mahaɗa mu dawo. Wayyo waɗannan safiyoyi! Rana tana fitowa, tsuntsaye suna ta surutu, ke kina ba ni labarin maƙwabta, wa zai ce magani nake sha?

Da haihuwar Auta ta zo da aiki, sai kika ƙi tafiya. Ni na dafa ƙirji na ce ki je, ba abin da zan fasa. Kika nuna mini wayarki kika ce, "Ina kallon ka fa." Kika tafi.

Satin farko na cika alkawari. Amma, ya farin cikina, ashe hanyar nan ba ta da wani daɗi, ke ce daɗinta. Katangar makaranta ta ƙara tsawo, bishiyar ta ƙara nisa, gidan burodi kuwa ya matso kusa. Ga ɗinki ya taru. Na fara cewa sai da yamma, yamma ta ce sai gobe.

Wata rana ina ɗinka wani yadi mai santsi, madaurin agogon yana ta kama zare, sai na cire shi na ajiye a gefen keke. Ya zame ya faɗa kan feda ban lura ba. Da na gama hannun riga na duƙa na ɗauko shi, me zan gani? Taku ɗari takwas, ni ko ƙofa ban leƙa ba! Na duba hagu, na duba dama. Wallahi da farko dariya kawai na yi. Washegari kuwa na yanki ƙyalle mai kyau, na ɗaure shi tam a jikin feda, har da ɗaurin da ba ya kwancewa, don kin san mijinki ba ya aikin ha'inci.

Dubu tara. Dubu goma sha biyu. Ranar da na yi wa masu makaranta riguna, dubu goma sha huɗu! Sai ga saƙon muryarki, kina cewa, "Jarumina! Auta, zo ki ga babanki, ya fi samari." Na saurare shi ya fi sau ashirin, daɗi yana kashe ni, kunya tana binne ni. Shekara talatin da ɗaya ina neman ki kira ni jarumi, ranar da kika kira, keke kika kira.

Asirina ya tonu ran wata Talata. Sista ta kira ta bidiyo, da murmushinta kamar kullum. Ta ce, "Baba, sannu da ƙoƙari. Sai dai wani abu ya ɗaure mini kai. Ran Alhamis ka yi taku dubu goma sha huɗu, amma agogon bai ji bugun zuciyarka ko sau ɗaya ba. Ga awon jininka yana hawa, ga nauyi ya ƙaru. Wa ke yi maka tafiyar?" Na yi tari, na gyara hula, na ce ƙila matsalar sabis ce. Ta ce, "Baba, ɗan juya mini wayar in gaida mai ƙoƙarin." Na juya. Ga agogo can ƙasa a ɗaure da jan ƙyalle, yana ƙyalli abinsa. Yarinyar nan ta yi dariya har ta kifa kai a tebur.

Na zaci faɗa za ta yi, ba ta yi ba. Ta ce ita ba lamba take tarawa ba, dubu biyu na gaskiya sun fi mata dubu ashirin na keke, don da su za ta san inda za ta ɗora ni. Ta tambayi abin da ya hana ni fita. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Mamanku ba ta nan" ba. Sai ta ce in raba tafiyar gida uku, minti goma-goma, in kuma nemi abokin hanya. A ƙarshe ta ce, "Ni ba zan faɗa wa Mama ba. Wannan ɗinkin naka ne, kai za ka farke shi."

A ranar na kwance ƙyallen, na mai da agogo hannuna. Taku dubu biyu da ɗari ɗaya na yi, ina haki kamar na yi dambe. Da yamma kika kira, kina tambaya ko ƙirjin ne ya motsa. A nan na tafka wadda ta fi ta farko muni, na ce miki agogon ne ya lalace. Ƙaryar farko lalaci ne, ta biyun tsoro ne, tsoron in faɗo daga jarumi in koma tela mai tumbi. Kwana goma sha biyu kina kallon ƙananan lambobi kina zaton ciwo nake ɓoye miki, kina rainon jariri da rabin hankali. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, kuma a kansa nake durƙusa miki. Ki yafe mini, hasken gidana.

Yanzu ki share ido ki sha albishir. Manyan lambobin nan da suka faranta miki rai na keke ne, ƙananan da suka tsorata ki su ne nawa, kuma ki duba su da kyau, hawa suke yi! Dubu biyu, dubu uku da ɗari biyar, dubu biyar, jiya dubu shida da ɗari huɗu, kowane taku da bugun zuciyarsa a gefe. Abokin hanya kuwa na samu, mai askin da ke jikin shagona. Kin san tumbinsa ya yi biyun nawa. Ranar farko ya ce, "Tela, in na faɗi kai za ka ɗauke ni?" Yanzu shi ke buga mini ƙofa tun ban gama shan magani ba. Muna tafe yana zagin 'yan ƙwallo, in mun zo gidan burodi mu riƙe wa juna riga. Bai kai ki hira ba, bai kai ki kyau ba, ko kusa, amma yana kai ni bishiya ya dawo da ni.

A shago na ja layi da alli a kan tebur: duk rigar da na haɗa wa kafaɗa, sai na tashi na kai ƙarshen layinmu na dawo kafin in sa mata hannu. Awon jini safe da yamma, ba fashi, kuma ya fara sauka. Gishirin na gano inda kika ɓoye shi, bayan gwangwanin gari. Sau ɗaya na taɓa, tun da ranar tonon asiri ce yau gara in faɗa, na mayar da shi inda yake. Na zagaya ƙuguna da tef ɗina na awo, wanda bai taɓa yi wa kowa kara ba, rabin inci ya tafi! Talatar da ta wuce Sista ta tafa mini. Na kuma ce mata in kin kira ta, ta buɗe miki komai, kada ta rufa mini ko zare ɗaya.

Kin ga abin da ya sa nake roƙon ki zauna? Ba don ban yi kewarki ba. Ina! Gidan nan ya yi mini faɗi kamar rigar aro. Kofinki yana nan inda kika kife shi, na kasa ɗagawa. In iska ta kaɗa labule sai in ɗaga kai, in ruwa ya sauko sai in ji ƙamshin mayafinki. Wace ƙasa ce ba ta son damina? Amma in kin dawo ran Asabar, kin dawo gadi ne, ni kuma ba mai gadi nake kewa ba, matata nake kewa. Auta tana bukatar hannunki fiye da ni a yanzu. Ki bar ni in gwada miki cewa zuciyar da kika yi wa jinya wata da watanni, mai ita ma ya iya riƙon ta.

Rigunan nan shida da ke cikin ƙunshin, su ma a kan fedar nan na ɗinka su, a kwanakin ha'inci. Ki sa wa angon naki, ki ce masa tun bai fara rarrafe ba ya ci wa kakansa taku dubu goma.

Saura sati bakwai ki cika wata ukun da kika yi wa Auta alkawari. Ran Lahadi na auna hanya daga ƙofar gidanmu zuwa tashar mota: taku dubu uku da ɗari takwas da saba'in, na huta sau ɗaya a bencin mai sayar da jarida. Ranar da za ki sauka, a ƙafa zan zo tarbar ki, ba hutu. Mu sa kaya a tasi su riga mu isa gida, ni da ke mu taka. Ki sa kafaɗarki kusa da tawa, ba a ƙarƙashinta ba, ki ƙirga mini da ƙarfi kowa ya ji. A goma sha ɗaya kika tsaya a wancan karon. Ki fara daga goma sha biyu.

Naki ke kaɗai, jiya da yau da iya bugun da ya rage a ƙirjin nan,

Mijinki, tela, mai tafiya da ƙafarsa.