Hudar da Aka Rasa a Jikin Sajan

Bunkure,
12 ga Fabrairu, 2006.

Zuwa ga Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya a can Fatakwal. Mu nan kowa ƙalau. Ƙafar Iya ta yi sauƙi, Binta kuma ta yaye ɗanta.

Yaya, Sajan ta tashi! Tsohuwar motar sojan nan da marigayi Kaka ya saya a gwanjo, wadda ka koyi tuƙi da ita. Tun watan jiya take kwance a ƙofar gida, don in an buɗe lagireto sai a ga baƙin mai ya gauraya da ruwa kamar kunun kanwa. Ga tumatir ya nuna jajur a gona. Baba ya ce in Alhamis ta zo ba ta tashi ba, zai sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe su yayyanka ta. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Aka ɗauko Malam Dattijo makanike daga Kura. Ya kwance wani ƙarfe da suke kira oyal kula, ya ce baƙin mai ne ke bi ta cikinsa, ruwa na zagaye shi yana sanyaya man. In ya huje, shi ke nan sai su haɗu. Suka kai shi bakin kanal, suka tsoma, suka hura masa iska, ba su ga komai ba. Malam Dattijo ya ce to injin ne da kansa ya tsage, Baba ya haƙura kawai. Suka yar da ƙarfen a zaure.

Ni kuwa na san ruwan kanal ɗin nan, kullum can nake wanki. Jawur yake, ga gudu, ko sabulu ya faɗa ba ka ganinsa. Sai na tuna yadda kake neman faci a tayar keke, a ruwan randa mai kwanciya. Da suka tafi sallar azahar na ɗauko ƙarfen, na cika babban bahon Iya da ruwa, na toshe bakin ƙarfen guda da totuwa, na ɗaure bakin famfon kekenka a ɗayan da roba, na tsoma shi. Iya ce ta buga famfon, tana mita wai da tsufanta an mai da ita mai faci. Can sai ga kumfa ƙanana ƙanana suna tasowa a jere daga wani lungu! Na yi sauri na ɗiga jan farce a wurin.

Wahalar ita ce faɗa. Na roƙi Iya ta gaya wa Baba, ta ce wanda ya gani shi zai faɗa. Sau uku ina zuwa bakin zaure ina komawa, don maza cike, har mai sayen ƙarfen ya zo yana ƙwanƙwasa jikin Sajan. A na huɗu na shiga, na durƙusa, na ajiye bahon a gabansu. Sai kawai na buga famfon. Malam Dattijo ya daɗe a sunkuye, sannan ya cire hula ya yi dariya, ya ce shekara talatin yana wannan aiki, yau jan farce ya kayar da shi.

Ya liƙe wurin da dalma, aka wanke lagireto sau uku, aka zuba sabon mai. Wallahi da ta yi ƙara sai da kajin unguwa suka watse! Aka bar ta tana aiki har la'asar, ruwa tas, mai ma tas. Mai sayen ƙarfe ya tambaya ko maganarsu tana nan, Baba ya ce ya tambayi mai motar, ya nuna ni. Na rufe fuska da mayafi na girgiza kai.

Ranar Alhamis mun kai tumatir kwando sittin kasuwa, kuma a gaba na zauna, a kujerarka.

Baba da Inna da Iya suna gaishe ka. Ka gaida Anti Sa'a da Kawu Lukmanu. Famfonka yana wurina, ba zan mayar ba sai ka zo da kanka.

Ƙanwarka,
Mansura