Shingen da Na Yi wa Pancha

Lahadi, 7 ga Afrilu

Shekaranjiya muka sauko da awaki daga kan duwatsu, lafiya lau. Amma ba wannan na zauna rubutawa ba.

Ailén ta dawo. Jikata, wadda muka raina tun tana rarrafe. Bari in sake rubutawa in gani da idona: Ailén ta dawo.

Ina kwance wa doki sirdi na ji an ce a bayana, "Tata, har yanzu wannan hular ce?" Tata, wato kaka, haka take kirana. Shekara tara tana karatu tsakanin garin Bariloche da Jamus, amma muryar tana nan yadda take. Matata Herminia ta yi ta kuka a kan kaskon suya har burodin ya ƙone. Haka muka ci shi.

Malama Gladys ta makarantar yamma, wadda ta koya mini riƙe biro bayan na haura sittin, ta sha ce mini, "Don Nicanor, ku riƙa rubuta ko layi ɗaya ne kullum." To me zan rubuta? Awaki da iska. Yanzu na samu.

Talata, 9 ga Afrilu

Ailén da abokan aikinta sun zo da mota sun hau kan Pancha. Cikin tankunan ruwan masu bincike da ke warwatse a filin nan, ita ce tamu, can bayan tudu. Ailén ce ta raɗa mata sunan tana firamare, sunan wata akuyarta mai taurin kai.

Tun tuni na san aikin tankin: ruwa a rufe cikin duhu, ƙananan ƙwayoyi na zubowa daga sama, in sun ratsa ruwan sai ya ɗan haska, idanun da ke ciki su gani. Sabon abin shi ne eriya a bisa, da wani ƙaramin akwati da Ailén ta ƙera da kanta. Ta ce wannan ji yake yi, ba gani ba. Wai in ƙwayar ta faɗo, iska kan yi wani ɗan sauti irin na rediyo, gajere ƙwarai.

Za a gwada akwatin har tsakiyar hunturunmu, wato watan Yuli. In ya yi kyau a yi ɗaruruwa irinsa, a ba ta aikin a nan gari. In bai yi ba, "akwai aikin da ke jirana a Jamus, Tata." Ta faɗa tana miƙo mini mate, shayin ganyenmu, kamar zancen ruwan sama take yi.

Ta ce kada in taɓa komai. Na ce ni da Pancha shekara kusan ashirin muna maƙwabtaka, ko jingina ban taɓa yi da ita ba.

Asabar, 20 ga Afrilu

Na tarar da bunsuru a tsaye kan Pancha, bakinsa dab da wayar eriya. Na jefe shi da hula. Ya diro ya gudu.

Litinin, 22 ga Afrilu

Na je wajen compadre Baldomero, aminina kuma maƙwabcina. Ya saurara, ya ce, "Wato duk karatun Jamus bunsuru ɗaya zai cinye shi? Ai da shi kuka tura makarantar."

Na ce, "Kai dai ara mini na'urar shingen lantarkin nan taka."

Ya ba ni, da batir da ɗan faifan rana. Ya ce shanunsa sun riga sun haddace darasin. Akwai tsofaffin turakun shinge kewaye da wurin tun zamanin mahaifina, nesa da tankin sosai. Na ja waya guda a kansu, na haɗa har da ƙofar, na ɓoye na'urar a bayan dutse saboda iska. Tak, tak, tak. Ban taɓa komai nasu ba.

Ba zan gaya wa Ailén ba. Kanta ya cika, ba sai na ƙara mata da zancen bunsuru ba.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Bunsuru ya gwada. Ya gwada sau ɗaya. Na yi barci mai daɗi.

Lahadi, 5 ga Mayu

Jiya cikin saƙonnin tsakar rana a rediyo aka ce, "Zuwa ga Don Nicanor Verdugo, jikarku za ta zo gobe, a ajiye mata cuku." Da safe na je na kashe shingen, kada yarinya ta kama ƙofa ta sha wuta.

Ba ta ci cukun ba. Akwatin yana da ciwo. Wai akwai wani abu da ke bugawa a ciki ba tsayawa, yana rufe abin da ake son ji. Ta wuce wajen Pancha da kwamfutarta, ta daɗe, ta dawo ta ce yau shiru yake, lafiya ƙalau.

Herminia ta ce, "To ai ya warke ke nan, 'yata."

Ta ce, "A'a, kaka. Wanda ke warkewa da kansa shi ne mugun."

Bayan ta tafi na kunna shingen.

Laraba, 15 ga Mayu

Sau biyu ta sake zuwa. Duk ranar da ta zo sai ciwon ya ɓuya, tana juya baya ya dawo. Ta canza waya, ta canza batir. Ta ce saura abu ɗaya da ba ta canza ba, shi ne abin da ta zana da hannunta.

Rediyonmu ma ya kama ƙaiƙayi, ƙyas ƙyas ƙyas cikin kowace waƙa. Herminia ta ce in sayo sabo. Na ce bari a sayar da 'yan awaki tukuna.

Lahadi, 26 ga Mayu

Ta rame. Ta zauna bakin murhu tana juya tsinken zuƙar mate, ni ko na hana ta wannan tun tana ƙarama, yau na ƙyale ta.

Ta ce manya za su zauna farkon Yuli. Ba za ta kai musu abin da ta san ba shi da lafiya ba. In ba ta gano ba, da bakinta za ta ce a ajiye shi.

Na ce, "Ai ranar da kika zo yana aiki. Ki kai musu sakamakon ranakun nan mana."

Ta dube ni. "Tata, kai za ka sayar wa mutum akuyar da ke tari in ba kowa a kusa?"

Na ji kunya. Na fita wai zan duba doki.

Herminia ta kunna wa Budurwa Maryamu kyandir. Ni ma na kunna ɗaya da ba ta kallo. Ban san yadda ake roƙo a kan akwati ba, sai na ce a bar mini yarinyar kusa, shi ke nan.

Laraba, 5 ga Yuni

Allah na gode maka. Bari in rubuta a jere, hannuna sai gudu yake yi.

Ashe jiya ta aiko saƙo a rediyo cewa za su zo yau su cire akwatin su kai gari. Ba mu ji ba. Herminia ta gaji da ƙyas ƙyas ta kashe rediyon tun ranar Litinin.

Ina saukowa daga tudu da awaki na hango motar a bakin shinge. Ailén da Detlef, wani injiniya Bajamushe mai tsawon ƙofar coci. Na buɗe baki zan yi ihu, iska ta kwashe muryar. Detlef ya riga ta sauka, mutum mai ladabi, zai buɗe wa mace ƙofa. Ya kama da hannu biyu.

Ban taɓa ganin mutum mai wannan nauyin ya yi tsalle haka ba. Abin da ya faɗa da Jamusanci, Ailén ta ƙi fassara mini.

Na iso ina haki ina ba da haƙuri. Ita ko ba ta ma kalli Detlef ba. Ta ɗaga hannu ta ce mu yi shiru. Daga bayan dutse: tak, tak, tak.

"Tata. Mene ne wancan?"

Na faɗa mata. Bunsuru, Baldomero, komai.

"Tun yaushe?"

"Tun ƙarshen Afrilu. Amma ba ya taɓa tankin, 'yata, dubi nisan. Kuma duk ranar da za ki zo nakan kashe shi."

Ta rufe ido. "Duk ranar da zan zo."

Ta buɗe kwamfutar a kan murfin mota. Ta ce in je in kashe. Na kashe. Ta ce in kunna. Na kunna. Kashe. Kunna. A karo na huɗu na ji wani sauti, na zaci kuka take yi. Na dawo da gudu na same ta zaune a ƙasa cikin ƙaya, tana dariya, hawaye na zuba.

"Lafiyarsa ƙalau, Tata! Shingenka yake ji! Ba abin da ya same shi!"

Na ce yaya zai ji abin da ba a haɗa su da waya ba? Ta ce, "Kai da wace waya aka haɗa ka da mai karanta saƙonni?"

Detlef yana tsotsar yatsunsa ya ce da Sifaniyancinsa mai tuntuɓe, "Don Nicanor, shinge mai kyau. Na gwada."

Alhamis, 6 ga Yuni

Tunda na kashe shingen, rediyo ya warke. Herminia ta ce saura ni.

Na tashi da abin a raina. Makonni yarinya tana zargin kanta saboda ni. Ta kwana nan, da safe na fara magana, ta katse ni. Ta ce ita ma ta zo sau nawa ba ta taɓa zagaya turakun ba, kullum kanta na cikin akwati. Ta ce, "Ni na ce kada ka taɓa, ban ce kada ka yi tsawa a kusa ba. Amma nan gaba ko ƙusa za ka kafa, ka gaya mini."

Ta cinye cukun duka. Na zauna ina kallonta tana ci.

Asabar, 15 ga Yuni

Na mayar wa Baldomero kayansa. Labari ya riga ni. Tun daga nesa ya cire hula ya rusuna: "Sannu da zuwa, farfesa! An ce kai ne na farko da ya aika wa taurari saƙo daga nan." Na ce ko banza na'urarsa ce ta yi maganar, shi ya sa ba ta da ma'ana.

Mun fara gina wa Pancha katangar dutse, yadda ya kamata tun farko. Ailén ta nemo izini. Detlef ya zo taya mu, yana ɗaukar dutsen da mutum biyu ke ɗauka. Har yanzu da sanda yake tura ƙofar.

Ailén ta ce za su bi sauran masu kiwo gida gida su tambayi wa ke da irin shingen nan, kuma za ta koya wa akwatin ya gane bugun ya yi watsi da shi. Wai gara da aka gani a tanki ɗaya. Ban sani ba ko don ta sanyaya mini rai ta faɗa.

Alhamis, 20 ga Yuni

Dusar ƙanƙara. Akwatin ya ji ƙwayarsa ta farko mai girma, daidai lokacin da ruwan ya gan ta. Ta aiko a rediyo: "A gaya wa Tata, Pancha ta ji." Duk filin nan sun ji saƙon, babu wanda ya gane sai ni.

Talata, 2 ga Yuli

Sun karɓa. SUN KARƁA.

Lahadi, 7 ga Yuli

Na yanka 'yan awaki biyu. Da bunsurun na so, Herminia ta ce namansa ba zai tauno ba, kuma shi ba shi da laifi. Baldomero ya kawo giya da garayarsa, Malama Gladys ta zo, Detlef ya yi rawa da Herminia har ya taka mata ƙafa. Ailén ta kama haya a gari, ɗaki biyu da ɗan fili. Na ce zan dasa mata itacen kwins. Itacen da sai an shekara biyar ake cin 'ya'yansa, da gangan na zaɓa, kuma ta sani.

Na sha fiye da ƙima. Na yi jawabi. An ce na yi kuka, ban tuna ba.

Lahadi, 21 ga Yuli

Mun dasa itacen. Ƙasar ta yi tauri, sai da muka zuba ruwan zafi.

Muna shan mate ta ce a Jamus za a ƙera akwatunan, dole ta je ta tsaya a kansu. Watan Satumba za ta tafi. Zai ɗauki watanni, ba ta san nawa ba. Na ga Herminia ta ajiye buta a hankali tana kallona.

Na ce ta tsaya a kansu da kyau, kada su yi mata aikin gaggawa. Na ce ta tafi da bargon da kakarta ta saƙa, can ma sanyi za su shiga. Sai muka koma zancen wanda zai riƙa ba itacen ruwa.

A hanyar gida Herminia ta ce, "Tsoho, lafiyarka?" Na ce lafiya lau, me ta gani?

Sai yanzu da na buɗe littafin na lura ban tambaye ta yaushe za ta dawo ba. Mantuwa ce, ina jin. Gobe da sassafe za mu yi wa awaki allura.