Sawun Kwamfutar Ɗakin Sanyi

Agege, Legas
12 ga Maris, 2001

Yaya Mastura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Mufida da su Inna. Yaya aikin jami'a? Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ban so ki ji shi a bakin 'yan mota ba.

Mijinki Yaya Khamisu yana hannun 'yan sanda tun bayan Babbar Sallah. Ɗakin sanyin da yake kula da shi a mayanka ya daina sanyi a kwanakin hutu, naman da masu otal suka ajiye ya ruɓe gaba ɗaya. Ranar da aka buɗe ƙofar, har masu fata da ke bayan katanga sai da suka toshe hanci. Oga, mai ɗakin sanyin, ya rantse Yaya Khamisu ne ya kashe inji ya sayar da dizal. Shi kuwa ya ce janareta bai tsaya ba, allon kwamfuta yana nuna sanyi lafiya lau, ga dokar cewa ba a buɗe ƙofar sai da izini. Na je na gan shi. Ya rame, ƙafarsa ta kumbura, amma abin da ya fara tambaya shi ne ko Mufida ta fara tafiya.

Ga inda nake neman taimakonki. Kwamfutar da ke kunna injinan sanyin ni nake kula da ita. Ta daɗe tana yi mini tsaye-tsaye, don haka kafin Sallah na kunna mata manhajar bin sawu, mai rubuta duk motsin kanel. Ke kika koya mini cewa kanel shi ne zuciyar kwamfuta, mai raba wa kowace manhaja lokacin aikinta. In ta daskare ne da kanta, sawun zai nuna. Matsalar ita ce fayil ɗin lambobi ne zalla a dunƙule, injiniyan oga ya ce shi ba ya karanta tsafi, a kawo masa jadawali mai layi-layi da kwamfutarsa za ta buɗe. Oga ya yi alkawari gaban dattawan mahauta cewa in injiniyansa ya gamsu zai janye ƙara.

Na kwafi ƙarshen fayil ɗin a fulofi, wato ƙaramin faifan nan na kwamfuta, na ba Sanda direban tirelar shanu. Ki juya shi don Allah. Ni na gwada, kaina ya ɗau zafi a banza.

Ki gaida Inna, amma kada ki faɗa mata tukuna.

Ƙaninki,
Almu

Samaru, Zariya
21 ga Maris, 2001

Almu,

Wa'alaikumus salam. Saƙonka ya iso, Sanda ya kawo shi naɗe cikin hularsa yana warin shanu. Inna kuwa ta riga ta ji. Ka taɓa ganin labarin da ya kwana a tashar Zariya?

Ban ci abinci na kirki ba tun da na karanta takardarka. Na rubuta 'yar manhajar da za ta juya fayil ɗin. Da farko shirme ta fito mini da shi, domin kwamfutar ɗakin gwajinmu daga ɗaya gefen take karanta lamba, sai da na juya kowace lamba kafin lokutan suka daidaita. Yanzu ya zama jadawali mai gida uku: lokaci, abin da ya faru, da sunan manhajar da ta jawo shi.

Baban Mufida bai kashe komai ba. Wuta ba ta yanke ba. Na yi sujada a nan ƙasan ofis, sannan na koma na karanta gida na uku, sai murna ta koma ciki.

Almu, manhajar bin sawun da ka kunna ba ka sa mata iyaka ba. Ta yi ta rubutu har ta cika babban faifan kwamfutar maƙil. Layukan ƙarshe duk sunanta ne. Manhajar injin sanyi ta nemi inda za ta ajiye ma'auninta ta rasa, ta tsaya tana jira, allon ya maƙale a kan tsohon ma'auni. Kai kana can Ketu gidan surukanka kana cin soyayyen nama.

Tambaya ɗaya zan yi maka, ka amsa tsakaninka da Allah. Da ka je kwafar fayil ɗin, ai ka ga faifan a cike. Ba ka gane ba ne, ko kuwa so ka yi ni in faɗa maka?

Ga fulofin nan na ba Sanda. Ka kai wa injiniyan ranar da ya iso hannunka. Ina cikin baƙin ciki iri biyu, ban san wanne zan fara yi wa kuka ba.

Yayarka,
Mastura

Agege, Legas
30 ga Maris, 2001

Yaya,

Ina gaisuwa. Fulofin ya zo, ban kai ba tukuna. Kada ki yi fushi, ki karanta har ƙarshe.

Na ga faifan a cike, amma na ce wa kaina wataƙila ba shi ba ne. Wallahi taimako na yi niyya.

Yaya, ba ki san oga ba. Mutum ne da 'yan sanda ke miƙe wa tsaye. Ranar da ya ga sunan manhajar nan zai tambayi wanda ya kunna ta ba da izini ba, kuma ni kaɗai ke taɓa kwamfutar. Matata Sakinatu ta shiga watanta, ba ta da kowa a ɗakin nan sai ni. Mahautan da suka riƙe ni tun zuwana Legas ma ba zan iya haɗa ido da su ba.

Ke kika gina jadawalin, ke kike zaɓen gidan da zai shiga. Ki sake juya shi da gida biyu kawai, lokaci da abin da ya faru. Kowa yana yin haka in fayil ya yi nauyi, ba ƙarya ba ce. Injiniyan zai ga kwamfuta ta tsaya, a ce ƙaddara ce, kowa ya huta.

An mayar da Yaya Khamisu gidan yari jiya, sun ce sai kotu ta zauna. Na kai masa abinci, ya sa mini albarka. Na fito na zauna bakin titi na yi kuka har wani kwandastan motar danfo ya tambaye ni wa ya mutu.

Ki taimake ni, don darajar Inna.

Almu

Samaru, Zariya
8 ga Afrilu, 2001

Almu,

Lafiya lau muke, in wannan lafiya ce.

Kada ka zaci ban gwada ba. Na cire gidan sunan, na buga a takarda, na nuna wa wani malami a sashenmu ba tare da na gaya masa komai ba. Ya duba ya ce, "Wannan ai wani ne ya zare waya." Ka ji. In babu sunan, abin da ya rage shi ne kwamfuta tana aiki sai ta yi shiru, kuma mutum ɗaya ne yake wurin a ranar. Jadawalin da kake roƙo shi zai ɗaure Baban Mufida da hannuna.

Ni na goye ka a bayana lokacin da Inna ke kwance. Ni na sayar da awarwarona ka tafi Ikeja koyon wannan aiki. Babu wanda ya fi ni jin ciwon abin nan. Amma kai kuskure ka yi, shi kuwa bai yi komai ba, kuma ƙafarsa tana ruɓewa kana riƙe da mafitarsa a aljihu.

Na ba Sanda wani kwafin cikakke. Na ce ya riƙe shi har Juma'a bayan ya sauke shanu. In ba ka kai naka ba, ya damƙa shi ga Alhaji Bature, babban mahautan, ya kai wa oga. Na fi so ka shiga da ƙafarka ka faɗa da bakinka. Ka ji haushina in ka ga dama, na ɗauka.

Allah Ya sauki Sakinatu lafiya.

Yayarka,
Mastura

Agege, Legas
17 ga Afrilu, 2001

Anti Mastura,

Ni ce Sakinatu, matar ƙaninki. Ina gaisuwa.

Ƙanin naki bai jira Juma'a ba, ranar Laraba ya kai da kansa. Oga ya janye ƙarar mijinki. Mijin naki yana cikin motar Sanda, ki nemi masu ɗauke shi a tasha, ba ya iya taka ƙafar.

Nawa mijin yana hannun 'yan sanda, a ɗakin da naki ya fara kwana. Na haihu shekaranjiya, namiji. Da aka je aka gaya masa, ya ce a sa wa yaron Khamisu. Na ce ban yarda ba.

Kada ki rubuto mini.

Sakinatu