Ni Na Tura Bidiyon Da Ya Raba Baba Da Maganinsa

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni sakatariya ce a wani ofis, kuma ni na fi kowa karatu a gidanmu, shi ya sa ba a musa maganata. Wata biyu da suka wuce, ina tsakiyar buga takardu, abokiyar aikina ta turo min link na wani bidiyo. Wani ne sanye da farar rigar likitoci yake cewa ƙwayoyin hawan jini suna lalata ƙoda. Ko rabi ban kalla ba na tura zauren 'yan gidanmu na waya, na koma kan aikina.

Babanmu shekara tara yana shan maganin nan. Ashe ya kalli abin har sau uku, ya cusa kwalbar a bayan rediyo. Da Mama ta gano, sai ya ce ai ni na turo, ni kuwa ba na turo shirme. Bayan sati uku ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar banɗaki. Yanzu ɓarin jikinsa na dama ba ya motsi. Mai gyaran agogo ne fa, Anti, yau cokali ma sai an riƙe masa.

Yayana ya daina ɗaukar wayata. Shi kuwa Baba, in na shiga sai ya yi min murmushi da rabin baki, wannan ya fi ƙona min rai. Da na koma na duba shafin da bidiyon ya fito, babu sunan likita, babu asibiti, sai tallar wani garin magani a ƙasa. Ni na jawo masa?

Daga 'yar da ta kasa haɗa ido da mahaifinta.

'Yata, ba zan ce ba ki da laifi ba. Baba bai san mai farar rigar nan ba, ke ya sani, kuma da sunanki ƙaryar ta shiga gidan. Amma ba ke kika ƙirƙire ta ba, ba ki yi nufin cuta ba, shi ma da ya tuntuɓi likitansa kafin ya ajiye magani.

Yau ɗin nan ki koma zauren, ki ce bidiyon ƙarya ne. Ki kira duk mai shan irin maganin a danginku, ki gaya wa abokiyar aikinki. Nan gaba kafin ki tura komai, ki kalla har ƙarshe, ki duba wa ke magana, a ina yake aiki, me yake sayarwa. In zancen lafiya ne, likita za ki fara nuna wa.

Yayanki ciwon abin da ya sami Baba ne ke cinsa. Ki je da ƙafarki, kada ki kare kanki. Baba kuma ki durƙusa ki nemi gafararsa sau ɗaya, sannan ki share hawaye ki karɓi kai shi asibiti gashin ƙashi. Ya fi buƙatar hannunki a kan kukanki.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya sanyaya zuciyarki.