Maɓallin da Inna Take Dannawa

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Maman 'Yan Biyu da yaran duka. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raya zuri'a, ya yi wa nemanku albarka. Mu nan muna lafiya. Maigidana ya samu sauƙin ciwon bayan nan har ya koma shago, 'yata Ƙarama ta gama jarrabawa, Inna kuma gwiwar ce dai take tashi lokaci lokaci. Na yi maka wannan gaisuwa ne don haka aka rene mu, ba don raina yana da daɗi ba. Kuma na zaɓi rubutu maimakon kiran waya saboda na san halinka, kafin in kai aya ka katse ni da cewa ban gane yadda zamani yake tafiya ba. Yau sai ka ji ni har ƙarshe.

Na ga jawabinka. A taron masu gidajen rediyo da aka tura mu, aka haska fuskarka a ƙaton allo, kana zaune gaban kantar littattafai da gilashinka, kana bayani da hannu bibbiyu. Ka ce zamanin da mutum ɗaya zai zauna gaban makirfo ya zaɓa wa gari guda abin da zai ji ya wuce. Ka ce nan gaba kowane kunne da tasharsa, manhajarku za ta lura da abin da mutum yake so ta ba shi, abin da yake tsallakewa kuma ta ɗauke masa. Aka yi ta tafi. Manajanmu har da waiwayowa yana nuna ni ga na kusa da shi, wai ai ƙanena ne. Shugaban sashen talla ya ce wannan ita ce mafita, don matasa sun bar mu. Baban Labarai, tsohon editanmu, ya miƙe ya ce idan kowa ya ji abin da ransa yake so kaɗai, ranar da gari zai buƙaci jin magana ɗaya ba za a samu inda za a faɗe ta ba, aka yi masa dariya irin wadda ake yi wa tsofaffi. Wata mai tashar matasa ce ma ta yi magana da hankali, ta ce a gwada sabon amma kada a rushe tsohon, sai dai ba wanda ya tafa mata. Ba na musun cewa matasa sun bar mu, Ƙarama ma ba ta kunna tashar da uwarta take aiki sai na tsare ta da ido. Amma a shawarar da kamfaninku ya miƙa wa tasharmu, filin farko da kuka ce a sauke daga iska a mayar cikin manhaja shi ne filin sanarwa na safe. Ka san sarai wa yake karanta shi, tun kana makarantar firamare.

To bari in ba ka labarin yadda kunne ɗaya ya ƙare da tasharsa. Ka tuna 'yar na'urar da ka aiko wa Inna bara, mai babban maɓalli a sama, ka ce a ajiye mata tsohon akwatin rediyonta don shuu ɗinsa ya yi yawa? Ta karɓa da murna, duk wanda ya shigo sai ta nuna masa abin da Auta ya aiko. Abin da ba ka sani ba, don ka daɗe ba ka karya kumallo a ɗakinta ba, shi ne Inna ba ta taɓa jin sanarwar rasuwa ta bar rediyo yana magana. Da an ambaci sunan mamaci da unguwarsa sai ta kashe, ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a, ko ta san shi ko ba ta sani ba, sannan ta sake kunnawa. Tun muna yara haka take, sau nawa muka ci duka a kan surutu a wannan ɗan tsakanin. Da na'urarka ta zo, ta ci gaba da abinta, tana danna babban maɓallin nan. Ita kuwa na'urar mai basira ta lissafa cewa tsohuwar nan ba ta son labarin mutuwa, tunda kullum yanke shi take yi. Sai ta daina kawo mata. Ta bar mata wa'azi da shirin lafiya da tsofaffin waƙoƙi, Inna har tana ce wa baƙi bana Allah ya sawwaƙe mutuwa a gari.

Goggo Mai Keke ta rasu, Auta. Aminiyar Inna tun suna 'yan mata, wadda ta ɗinka maka rigar makarantarka ta farko, wadda ta goya ka ranar da aka kwantar da Inna a asibiti. Ni na karanta sanarwar da bakina. Jar fitilar ɗakin shiri tana kunne, mai kula da na'ura yana kallona ta gilashi yana min alamar in daure. Ina fitowa motar zuwa taron tana jira a ƙofa, na shiga. A hanya na kira Inna na ce mata ya haƙuri, ta ce da godiya, har na yi mamakin ƙarfin zuciyarta. Ashe ita ta ɗauka gwiwarta nake yi wa sannu. Maƙwabta ba wanda ya leƙo ya gaya mata, don a layin nan daga bakinta ake jin irin wannan labari. 'Ya'yan Goggo kuma suka ce ai 'yarta ce ta karanta, ba yadda za a yi ba ta ji ba, suka zuba ido har aka tashi daga zaman makoki ba su gan ta ba.

Ina can ina kallon fuskarka a allo, Inna ta ci kwalliya ta sa aka kai ta gidan, da atamfa a leda za ta ba da ɗinki. Ta shiga da sallama da fara'arta, ta tarar da babbar 'yar Goggo tana naɗe tabarmin da aka ara. Ta tambaye ta ina mutuniyar, ko har yanzu barci take yi kamar amarya. Yarinyar ta gaya mini cewa Inna ta kalli keken ɗinkin an lulluɓe shi da zane, ta kalli tabarmin, sai ledar ta faɗi daga hannunta. Ba ta yi kuka a can ba. Sai da na dawo na same ta a bakin gado, ta tambaye ni ko na daina karanta sunayen mutane ne. Na duba na'urar, na ga abin da ta yi wata da watanni. Tun daga ranar duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta riƙe masa hannu ta tambaye shi wa kuma ya tafi ba ta sani ba.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce ƙaramin kuskure ne, za a gyara a sabon tsari, za a ƙara wani maɓalli. Riƙe gyaranka. Ba wanda yake son jin sanarwar rasuwa, Auta, ni da nake karantawa ma ba so nake ba. Ba don daɗi ake sauraronta ba, ana ji ne don a tashi a sa takalmi a tafi. Kun zauna a ofis mai sanyi kun auna mutane da abin da yatsansu ya danna, kuna kiran wannan sanin mai sauraro. Uwarka ma ba ka sani ba, balle gari. Raina ya ɓaci da kai matuƙa, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne da sunan gidanmu ake tallar wannan shawara a tashar da na tsufa a ciki.

Mako mai zuwa hukumar tashar za ta zauna ta yanke hukunci, kuma Manaja ba ya jin maganar kowa yanzu sai taka. Abin da nake so ka yi guda ne. Ka kira shi ka janye batun sauke filin sanarwa daga iska. Sauran shirye-shiryen ku yi yadda kuka ga dama, ku raba wa kowane kunne waƙarsa, ban damu ba. Idan kuma ka ƙi, to ka ji da kyau. Allah ya ja da ran Inna, ya nesanta mana ranar, amma ranar tana zuwa. Idan ta zo ba zan kira ka ba. Zan sa sanarwar a manhajarku kamar yadda ka tsara wa 'ya'yan mutane, in ya so na'urarka ta duba ko kana cikin masu son irin wannan labari.

Ka gaida Maman 'Yan Biyu, ka ce mata wannan faɗa ba nata ba ne. Ka shafa min kan Hassan da ɗan'uwansa da 'yar autarku mai kumatu. Maigidana yana gaishe ka, ya so in sassauta takardar nan na ƙi. Kawu na tasha da Ƙarama da 'ya'yan Goggo duk suna gaisuwa. Na'urarka tana cikin kwalinta a kan durowa, tsohon akwatin ya koma gefen matashin Inna da shuu ɗinsa. Ita ma tana gaishe ka, har ta roƙe ni kada in yi maka faɗa, wai alheri ka yi niyya. Saƙo ɗaya kawai ta ba ni. Ta ce tunda na'urar tana jin maganarka, ka gaya mata ba ƙin mutanen nan take yi ba, addu'a take musu.

Wassalam.

Yayarka,
mai karanta sanarwa